Ƙofa a Katangar Marini

Lungunmu ba ya ɓullewa. Gidajen katako ne goma sha ɗaya a jere, kafaɗa da kafaɗa, a tsohuwar unguwar masaƙa ta Nishijin a Kyoto. Mashigarsa ɗaya ce, wata 'yar kafa da ta bi ta ƙarƙashin benen gidan da ke bakin titi, wadda mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkata. Gidanmu ne na ƙurya, daga shi sai doguwar katanga. Mahaifiyata, Tomiko, tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki ba ta barin ɗakinta sai a keken guragu, ɗakin kuwa jingine yake da katangar nan. Duk ranar da ƙasa ta ɗan motsa, kofuna suka kama ƙara a kan kanta, tambaya ɗaya ke zo mini: in benen can ya rufto, ko wuta ta tashi a bakin lungu, ta ina zan fitar da ita?

Ni ne magatakardan ƙungiyar unguwa. An ɗora mini aikin ne saboda akawu nake a wani kamfanin sayar da yadi, kuma rubutuna yana karantuwa. Kafin in zauna wannan rubutu na bi bayanan tarurrukanmu, na ga sunan Inokuchi Fusae bai fito ba sai inda aka ce ta kawo shayi. Shi ya sa nake so a samu inda aka rubuta sauran.

A lungun aka haife ta, a gida na huɗu. Mahaifinta masaƙi ne. Tana gama makaranta ta fara naɗe wa masaƙa zaren siliki, ba ta bari ba sai da idonta ya daina bambance launuka masu kama da juna. Ta auri wani direban bas, ya tare a gidansu, ya rasu tana da shekara hamsin da 'yan kai. 'Yarta ɗaya tana aure a Nagoya, kullum tana roƙon ta ta koma can, ita kuwa amsarta ba ta sauyawa: "In na tafi, wa zai riƙa yi musu faɗa?" Gajeruwa ce, tafiyarta kamar ta wanda ya makara. Jajayen bokitan kashe wuta da ke ƙofar kowane gida ita ke leƙa su. In ta ga ruwan wani ya yi gansakuka sai ta tsaya a kansa tana kallo har mai gidan ya fito da kunya. Kowace la'asar takan shigo ta zauna da mahaifiyata, ta kawo mata labarin lungu. Ni kuwa da furfurata har yau Nobo-chan take kira na, irin kiran da ake yi wa ƙananan yara.

Wata bazara ma'aikatan birni suka zo da taswira, muka zaga unguwa tare, kowa yana nuna wurin da ke ba shi tsoro. Wata injiniya ta tsaya gaban katangarmu ta ƙwanƙwasa, ta ce a irin wannan lungu ƙaramar ƙofar tsira ake hudawa a ƙurya, kuma hukuma ke ɗaukar nauyin aikin. Sharaɗin ɗaya ne, mai katanga ya yarda.

Mai katangar shi ne Morishita Kanji, tsohon marini. Ƙofar gidansa tana titin baya, ƙungiyarsu ma daban take da tamu. Ya rufe marina tun rasuwar matarsa, yana zaune shi kaɗai da ciwon gwiwa. Bayan katangar tsakar gidansa ce, daga nan akwai siririyar hanya ta gefen gida har titi.

Shugabanmu a lokacin Sawabe ne, Sawabe-san a kiran girmamawa, mai shagon kayan lantarki, ɗan Osaka da aure ya kawo shi, mutum mai kirki da zafin nama. Sau biyu muka je gidan marinin da kwalin alewar wake. Morishita-san ya saurare mu daga bakin ƙofa, bai ce mu shiga ciki ba. Muka yi masa bayanin yawan gidaje da yawan mutane, da cewa ba zai kashe ko sisi ba, har katangar za a gyara masa. Ban ambaci mahaifiyata ba. Da sunan ƙungiya na je, bai kamata in tsoma matsalar gidanmu ba.

"Magana ce mai kyau," in ji shi. "Zan yi tunani."

A hanya Sawabe-san yana ta murna, ni kuwa na san a garinmu wannan ƙi ne.

Da ya ga shiru ya yi yawa, sai Sawabe-san ya tuna da ganyen da ya gani a tare a ƙofar tsohon. Kowa ya san yadda ake sharar safe: ka share gabanka, ka shiga gaban maƙwabcin dama kamu ɗaya, na hagu kamu ɗaya, ka tsaya. Kamun nan gaisuwa ce. Wanda ya zarce ya share duka kuwa, ya shelanta wa titi cewa mai gidan ya gaza. Wata Lahadi, ina asibiti da mahaifiyata, Sawabe-san ya kwashi mutum uku da tsintsiya da bokiti suka zaga titin baya. Suka share, suka cire ciyawa, suka wanke dakali, har katakon taga suka goge, maƙwabta suna leƙe. Washegari aka kawo mana kwalin alewa daga Morishita-san, wanda ya fi namu biyun girma, da saƙon godiya. An biya mu ke nan, ba sauran magana.

Da la'asar Fusae-san ta shigo, ko zama ba ta yi ba.

"Nobo-chan, wane mai hikimar ne ya je ya yi wa ƙofar Kanji aski?"

"Shugaba ne. Da kyakkyawar niyya ya yi, Fusae-san."

"Kyakkyawar niyya! Da ya tuɓe masa wando a tsakiyar titi ai da ya fi sauƙi."

Mahaifiyata ta yi dariya da rabin bakinta.

"Ƙofa kyauta, gyaran katanga kyauta, yanzu kuma shara kyauta," in ji Fusae-san. "Mutumin da masaƙa suka yi shekaru suna layi a ƙofarsa, kun mai da shi abin tausayi. Tashi ka ɗauko mini labulen biki."

Labulen shuni ne da muke ratayawa a bakin lungu lokacin bikin yara na watan Agusta. Ya koɗe har ya koma kalar ruwan wanki. Ran Asabar da hantsi ta sa ni gaba da shi a hannu. Da muka isa ba ta rusuna ba, ta ja ƙofa ta ɗaga murya.

"Kanji! Kana da rai ko in kira malamin haikali?"

Ya fito yana dogara sanda, ya ƙura mata ido. Ashe ajinsu ɗaya a firamare.

"Fusae? Na ji an ce kin koma Nagoya, na ce Nagoya ta shiga uku."

"Ina nan. Sai na ga bayanka."

Ya dube ni, fuskarsa ta ɗaure. "In maganar katanga ce..."

"Wa ya damu da katangarka? Wannan dako kawai ya yi mini. Shimfiɗa, Nobo-chan."

Na shimfiɗa labulen. Ya sa yatsu ya murza gefensa. Har lokacin akwai sauran shuɗi a gindin faratansa.

"Aikin gidanmu ne," ya ce. "Amma na rufe. Tukwane sun bushe."

"To shi ke nan. Sawabe-san ya ce akwai garin rini a shagon kayan arha, inda komai yen ɗari ne. A zuba a bokitin wanki, kafin shayi ya huce an gama."

"A bokitin wanki."

"Wai ma ya fi naku kama jiki. Naɗe mu tafi."

"Ajiye shi."

"Ba ka ce ka rufe ba?"

"Na ce ajiye shi, tsohuwar banza!"

A hanyar gida na tambaye ta yaushe Sawabe-san ya faɗi haka. Ta ce bai faɗa ba tukuna, amma in an ba shi lokaci zai faɗa. Na ce maganar ƙofa fa? Ta ce, "Labule ya koɗe ko bai koɗe ba?" Na ce ya koɗe. Ta ce to.

Shuni ba ya tashi rana ɗaya, sai an haɗa shi an yi ta juyawa, tukwanen kuwa ba na mai ciwon gwiwa ba ne. Bayan 'yan kwanaki ya buga mata waya ya ce ta turo masa akawun nan nata. Kafin mu shiga ta ja ni gefe.

"Hannunka a aljihu. Ko kara ɗaya kada ka ɗaga sai ya ce ka ɗaga. Idonka ma kada ya yi yawo."

Haka na fara ganin abin da ke bayan katangarmu. Ciyawa ta kai ƙugu. Rumfar shanya ta karye. Bishiyar ume, mai ƙananan 'ya'ya masu tsami da matarsa ke jiƙawa a gishiri, ta zubar da na bana sun ruɓe a ƙasa, takalman katakon marigayiyar suna nan a bakin dakali inda ta cire su. Nan na gane ba ramin da za a yi a katanga ne ya dame shi ba, idon mutane ne. Fusae-san ta ratsa ciyawar kamar a tabarma take tafiya, ta samu wata kifaffiyar tukunya ta zauna, ta kama yi masa tsiya a kan wata waƙa da ya kasa rerawa a aji uku.

Shi ya fara ba da umarni. "Kai akawu, cire ciyawar nan, a ina kake so in yi shanya? Ba haka ba! Da saiwa. Me ake koya muku a ofis?" Asabar bayan Asabar ya sa ni na share tsakar gidan nan kaf, yana nuni da sanda, yana kushe aikina. Ban taɓa jin daɗin faɗa kamar wannan ba.

Ranar rinin, muka tsoma labulen muka ɗago shi kore shar, iska ta buge shi yana rikiɗa shuɗi a gaban idonmu. Fusae-san ta tashi ta je jikin katanga ta ɗaga kai.

"Tomi-chan! Kina ji na? Ɗanki ya zama yaron marini, hannunsa kamar na aljani!"

Daga can ciki muryar mahaifiyata ta amsa, a karkace, kusa ƙwarai, sai tari ya biyo baya. Morishita-san ya tsaya da sandar juyi a hannu.

"Wace ce?"

"Uwar wannan. Tomiko mana, ta ajin ƙasa da mu, mai gudun tsiya. Yanzu sai keke. Kanta yana nan, bayan wannan tubalin."

"Ita ce mai tarin? Na daɗe ina jin sa. Ban san..." Ya juyo gare ni. "In wuta ta kama bakin lungunku, yaya za ka yi da ita?"

"Zan goya ta."

"Ka goya ta zuwa ina?"

Sai ya ce in kama gefen labule, shuni ba ya jiran surutu. Fusae-san ta koma kan tukunyarta.

Ranar biki ya zagayo da sandarsa don ya ga yadda aka rataya labulen, ya sa aka gyara shi sau biyu. Sannan ya kira Sawabe-san gefe, ya ce ni ma in zo in rubuta. Ƙofa za ta kasance hagu da bishiya, kada a taɓa mata saiwa. Ta katako, ba ƙarfe ba. Faɗinta ya isa keken guragu ya wuce. Sakata ta ɓangarenmu, ba a zare ta sai in an shiga masifa, sai kuma atisaye sau ɗaya a shekara.

"Na ƙarshe," ya ce, "wannan ɗan Osaka kada ya ƙara kusantar gidana da tsintsiya."

Sawabe-san ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa. Daga baya aka fahimtar da shi laifinsa, ya yi mako yana sunkuyar da kai.

An gama aikin da kaka, muka sa ranar atisaye. Mutanen lungu suka yi layi, kowa da tawul a hanci, aka ce mu ɗauka bakin lungu ya toshe. Da yake mu ne na ƙurya, mu ne na farko. Na zare sakata, na tura keken mahaifiyata. Ya wuce bai gogi ko'ina ba. Morishita-san yana tsaye gindin bishiya, ya sa rigarsa ta fita.

"Tomiko-san," ya ce, "an tsufa."

Ta ɗauki lokaci tana haɗa kalmar. "Kai ma."

"Ku matsa mana!" in ji Fusae-san daga baya. "Mutane suna ƙonewa a nan, ku kuna zance!"

Muka bi siririyar hanyar muka ɓulla titin baya, inda 'yan kwana-kwana ke jira. Na ja birkin keken. Mutane suna ta fitowa ɗaya bayan ɗaya, har Fusae-san ta fito tana gyara ɗaurin gabanta. Na tare ta na rusuna, na kasa ɗagowa.

"Ɗago kanka, Nobo-chan," ta ce. "Ka tare hanya. Tura uwarka inuwa, rana na dukan ta."