Tukunyar Tartsatsi

Tartsatsi ake ce masa, don tun yana saurayi yake walda a bakin titi, rigunansa duk sun zama rariya. Rabin ƙofofin ƙarfen unguwar aikinsa ne, nasa ɗakin kuwa labule ne a ƙofa. Dukiyarsa guda ce, doguwar tukunyar iskar oksijin da yake yanka ƙarfe da ita. Matarsa takan ce ya fi goge ta a kan fuskar 'ya'yansa.

Da annoba ta shigo, rediyo ya ce kowa ya ba ɗan'uwansa tazara. Tartsatsi ya dubi ɗakin da su bakwai ke kwana, ya ce sai dai wani ya koma saman rufi. Aka ce a yawaita wanke hannu, alhali famfon layinsu ya riga kowa shiga kulle.

Wata safiya nas ɗin asibitin unguwa ta zo, takunkuminta ya koɗe don wanki.

"Baba, aron tukunyarka muke so. Tamu ta ƙare, wadda aka ce za a turo kuma har yau tana hanya."

"Ta ƙarfe ce fa, 'yata."

"Wanda ruwa ya ci, Baba, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi."

Da kansa ya tura ta a baro.

Ba a jima ba matarsa ta fara tari. "Mura ce, kada ka tara mini jama'a," in ji ta. Sai da ta fara barin magana a rabi, abin da ba ta taɓa yi ba tun aurensu, sannan ya ɗauke ta. A baron nan ya kai ta asibitin.

Ga tukunyarsa tsaye a gefen gado, wani tsoho na shaƙa. Ga benci cike da masu jira, kowa na haki.

"Ku zauna a ƙarshe, Baba," in ji nas.

"Tawa ce fa."

"Na sani. In cire masa?"

Tartsatsi ya dubi tsohon. Shi ya yi masa ƙofar gida. Ya zaunar da matarsa, ya dubi agogon da ke nuna sauran iskar tukunyar. Kibiyar ta sauko inda a shago yakan kashe wuta ya ce wa mai aiki sai gobe.

"Baban yara," ta ce da ƙyar, "da saura?"

"Da saura, mai yawa ma."

Ya matsa ya tsaya tsakaninta da agogon.