Gwaggo Ta Ƙi Sa Hannu

Shekara ashirin da uku Gwaggo ta yi tana wanki a wani asibiti, ba a taɓa dawo mata da zanen gado an ce bai fita ba. Kowa Gwaggo yake ce mata, har likitocin da suka girme ta. Mijinta ya rasu da wuri, da wannan wankin ta raini 'ya'ya uku. Ba ta iya kwana-kwana ba. Abokan aikinta kan ce in mara lafiya ya tambaye ta ko ya rame, sai ta ce masa ƙwarai kuwa.

Wata Talata bayan la'asar injin busar da kaya ya tsaya, ta ɗauki kwando ta hau saman bene yin shanya. Tana cikin baza zani sai inuwa ta rufe ta. Ta ɗaga kai ta ga wani abu faffaɗa kamar murfin tukunya, launin toka, tsaye cak a sama, ba fiffike, ba hayaƙi, sai wani siririn sauti da ta ji har cikin haƙoranta. Haske ya sauko daga ƙasansa, ta kare fuska da hannun dama. Kafin ta ƙarasa salati ya ɓace. Ta taɓa zannuwan da ta shanya jiƙe sharkaf, ta ji sun bushe ƙarau.

Washegari hannun ya tashi bororo, rabin fuskarta ya saluɓe, ido ɗaya yana ta zubar ruwa, ga amai. Cikin mako biyu gashin gefen kanta ya ƙare a kan matashin kai.

Likitan da ya duba ta, ita ke goge masa riguna tun yana ɗalibi. Ta ba shi labarin tiryan-tiryan. Ya ajiye biro ya ce, "Gwaggo, kina samun barci kuwa?"

"Ƙuna na kawo maka, likita, ba barci ba."

Ya ba ta man shafawa, ya tura ta sashen masu taɓin hankali. Kafin ta sauko daga matakala labari ya riga ta ɗakin wanki. Waɗanda ta koya wa aiki da hannunta suna zunguran juna, wai matar jirgi ta dawo. Alhali ita ba ta ce aljanu ne ba, ba ta ce halittun wata duniya ne ba. Abin da ta gani kawai ta faɗa.

Sai shugaban sashensu ya kira ta ofis, ya tura mata takarda. An rubuta cewa ta yi sakaci wajen haɗa sinadarin wanki, ya zubo mata.

"Ki sa hannu, Gwaggo. A ce hatsarin aiki ne, asibiti ya ɗauki nauyin maganinki, magana ta mutu."

"Ranka ya daɗe, wane sinadari ne a saman bene? Ka aika wani ya hau ya duba?"

Ya hau wasa da makullai. Ba wanda ya hau. Kwaɗo kawai aka garƙama wa ƙofar hawa saman benen.

A gida babbar 'yarta ta zauna tana shafa mata man, tana lallashi. "Mama, ki sa musu mana. Ido ne fa. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Wato in ce ban iya aikina ba, don su samu su yi barci?"

Bayan wata uku aka sallame ta, wai saboda rashin lafiya. Mutanen da suka rantse babu abin da ya same ta su ne suka rubuta haka, suka buga hatimi.

Yanzu guga take yi a barandar gidan 'yarta. Idon dama sai hazo-hazo, gashin ya sake tsirowa fari fat. Lokaci-lokaci masu neman abin dariya kan zo da waya a ɗage, ta ce su mayar aljihu ko su kama hanya. Sau uku ta sa 'yar ta rubuta wa asibitin a ba ta kofen takardun jinyarta, ko wani likita zai duba. Sau uku ana cewa ba a ga fayil ɗinta ba. Makon jiya ta sa aka rubuta ta huɗu, ta ce wannan karon da ƙafarta za ta kai.