Ranar da Maharazu Ya Yi Takwara

A takardar haihuwar Malam Maharazu babu rana, babu wata. "Wajen 1961" kawai aka rubuta, domin sai da zai shiga lakol, makarantar boko, wani ma'aikaci ya dubi tsayinsa ya yanka masa shekaru. Wannan "wajen" ta tsaya masa a rai. Da ya samu aikin rajistar haihuwa a wani gari tsakanin Cadawa da Gazawa a 1988, ya ɗauki alkawari ba zai rubuta ta a kan ɗan kowa ba matuƙar akwai tsohuwar da za ta tuna ranar.

Mutum ne mai littafin aljihu. Komai ya gani sai ya rubuta, har mutane na cewa in ya yi atishawa sai ya sa kwanan wata. Da aka kawo wa buronsu, wato ofishinsu, kwamfuta a 2008, ya shafe wata tara yana ɗaukar hoton tsofaffin kundaye shafi-shafi, yana zubawa a wani diski baƙi mai faɗin tafin hannu, wanda ake jona wa kwamfuta da waya. Abokan aiki suka yi ta masa dariya. Daminar da ta biyo baya gara ta cinye kundayen 1970 zuwa 1976, dariya ta tsaya.

Ƙarshen 2010, ana shirin mai da mulki hannun farar hula, sai ga Asama'u, ɗiyar kawunsa, taubashiyarsa, shugabar mata masu man gyaɗa. Mata sun tsayar da ita takarar konseye, wato kansila, kuma ranar Alhamis da tsakar rana za a rufe karɓar takardu. Takardar haihuwarta ta ɓace, shekararta kuwa, 1974, tana cikin gara.

"Bawana," in ji ta tun daga bakin ƙofa, "tashi ka haife ni, sauri nike."

"Wa zai haifi uwar rigima sau biyu? Zauna."

Ƙarfe tara ne na safiyar Alhamis ɗin. Ya buɗe durowa ya ɗauko diskin, ya jona shi a sabuwar kwamfutar da ta maye gurbin tsohuwar da ta ƙone. 'Yar fitilarsa ta kama. A fuskar kwamfuta kuwa babu shi, babu alamarsa.

Alhassan, mai buga wasiƙun buron, ya leƙo. "Ya mutu, Malam. Sai dai a kai Maradi, ko a wanke shi tas, ya dawo sabo."

"A wanke shi da mutum dubu nawa a ciki?"

Zuwa Maradi da dawowa sai yamma, neman wata takarda a kotu kuwa sai makonni. Maharazu ya ciro littafin aljihu ya ja layi. Ƙarfe tara da kwata ya sauya kafar da ya jona, shiru, ya rubuta. Ya ari wayar Alhassan, shiru, ya rubuta. Ya kashe kwamfuta ya kunna, shiru. Sai ya ɗauki diskin ya kara a kunne kamar ungozoma a kan ciki. Yana jin juyinsa, lafiya lau, babu ƙwas-ƙwas.

"Yanzu kuma duba za ka yi mani?" in ji Asama'u. "Mata ɗari biyu na ƙarƙashin iccen bedi suna jirana. In na fita hannu sake, kai zan turo masu."

Ya buɗe akwatin ƙarfe ya zaro littafin aljihu na 2008, inda ya rubuta darussan kwana biyar da aka yi masu a garin Agye. A shafi na goma sha ɗaya ya ga rubutun hannunsa: in kwamfuta ta ƙi nuna diski, a duba wurin da take lissafa dukkan diskokin da ke jikinta. Ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya, yatsa a kan layi.

Ga shi nan. Girmansa daidai, lafiyarsa ƙalau. Sai dai kowane diski a jerin yana da harafi a gabansa, wannan C, wancan D, shi kuwa wurin fayau.

Maharazu ya kwashe da dariya har Alhassan ya tsorata. "Yana raye! Suna ne ba shi da shi. Wanda ba a raɗa wa suna ba, ta yaya buro zai kira shi? Aikina ne shekara ashirin da biyu!"

"To raɗa mashi A," in ji Asama'u. "Nawa."

Ya duba. "A tana da mai ita."

"Ƙarya kake, bawana."

"Zo ki gani."

Ya zaɓi M, ya ce Bismillah, ya danna. Taga ta buɗe, shekaru suka jeru reras. Ya shiga 1974, ya gangara zuwa lamba ta 212: Asama'u, ɗiyar Sanda da Delu, ranar 6 ga watan Maris. Ta rangaɗa guɗa har matan da ke waje suka amsa ba su san dalili ba.

"Ka yi wa kanka takwara ke nan, ko ragon suna babu!" in ji ta.

Ya rubuta mata takarda, ya kai aka sa hannu aka buga hatimi. Sha ɗaya saura minti goma ta haye bayan babur, takardun a cikin mayafi, tana ɗaga masa hannu. An karɓa kafin a rufe, kuma a zaɓen da ya biyo baya ta ci kujerarta.

Da buro ya watse, Maharazu ya kwafe komai a cikin sabuwar kwamfuta don kada a sake. Sannan ya buɗe littafin aljihu ya rubuta: "Suna: M. Ranar suna: Alhamis, ƙarfe goma da minti ashirin da biyu daidai. Shaidu: Alhassan da Asama'u." Har ya yi ritaya, in ana neman tsohuwar haihuwa a buron nan, cewa ake yi a tambayi Takwara.