Makirufon da bai kai ɗakin mata ba

Shekarun baya, lokacin ina zaune a unguwar Jarwal ta Makka, ɗaliban ƙasarmu da ke karatu a Makka suka gayyace ni walimar ƙarshen zango a wani gidan taro da suka kama haya a unguwar Shisha. Maza muna falo, mata suna ɗakin ciki, an ja musu lasifika ta taga. A cikinsu akwai 'yar ƙanwata, mai karatun digiri na biyu a hadisi.

Bayan La'asar wani ɗalibi ya tambaye ni game da rigimar jami'o'in Turawa, inda ake hana malami lacca saboda kalmar da ya kira maza ko mata da ita. Ni kuwa dama jira nake a taɓo ni. Na gyara zama, na kwaso Istanbul da Zanzibar da Paris. Na ce Baturke da Basawahile ba su cika raba mace da namiji a magana ba, Bafaranshe kuwa ko tebur sai ya ba shi jinsi, amma duk inda na je mace ce ke wanke kwano. Na rufe da cewa kalma ba ta da wani nauyi, abin kunya shi ne a toshe wa mutum baki a wurin ilimi. Aka yi ta gyaɗa kai, ni ma ina jin daɗin kaina.

Sai wayata ta yi ƙara. 'Yar ƙanwata ce.

"Kawu, ina da magana, amma mu lasifika kawai aka ba mu."

Na gaya wa shugaban ɗaliban. Ya sunkuyo ya ce, "Ma'alesh ya Shaikh, ka yi haƙuri, ba mu saba ba. Iyalai su gaya wa mazajensu, su isar."

"Wannan ba ta da miji a nan, kawu gare ta."

"Ai igiyar makirufon ma ba za ta kai ba."

Na ce yanzu na gama caccakar Turawa kan toshe baki, don haka ba zan ƙara kalma ba sai ta faɗi tata. Na ajiye makirufo, na jawo gahawa da dabino. Shinkafa tana hucewa a faranti, samari suna satar kallon abincin. Abokina, wani dattijo haifaffen Makka, ya ce, "Khalas, ya isa haka, ku ba ta. Na san tsohon nan, sai mu kwana a nan."

Aka kara wayata a bakin makirufo.

Ta yi sallama, ta ce, "Kawu, ka ce kalma ba ta da nauyi. Tun safe ake cewa ɗalibai da iyalansu. Yawancinmu nan jarrabawa ɗaya muka zauna da mazan da ke falon. Da an kira mu ɗalibai tun farko, da an sayo igiya mai tsawo."

Harsunan da nake taƙama da su, ko ɗaya bai kawo mini ɗauki ba. Na ce ta kayar da ni, a zuba abinci. Da shugaban ya tashi rufe taro, ya ɗan yi tari, sannan ya gode wa ɗalibai maza da ɗalibai mata.

Har yau ni da ita ba mu daidaita kan zancen Turawan ba, muna fafatawa duk Sallah. Amma tun daga ranar, duk wanda ya gayyace ni lacca, ba na tambayar abin da zan yi magana a kai sai na ji tsawon igiyar makirufonsa. In ba ta kai ɗakin ciki, su nemi wani tsohon.