Tekun da muka tono a Bungudu

Allah ya saka wa ƙanin matata da alheri, mutumin Legas, mai wayar da kan ƙauyawa. Can ƙarshen shekarun casa'in ya zo mana hutu Gusau, ya cika wa yarana kunne da labarin bakin teku, har ɗiyata Hafsatu ta kafe sai ta bi shi.

Ni ɗan kasuwa ne, ba a ƙwace mini ciniki ina kallo. Na ce, "Ku shirya, mu ma muna da teku."

Na kwashe su, har da shi, sai gulbin Bungudu. Rani ne, ba ruwa ko ɗigo, sai rairayi.

Ya tuntsire da dariya. "Yaya, ina tekun?"

Hafsatu ta fara ƙwalla. Na miƙa wa yaran ƙwarya na ce su tona. Suna tono, suna tono, can sai ga ruwa yana tsattsafowa garai-garai. Ihu! Suka sha, suka jiƙa juna sharkaf.

Hafsatu ta ce, "Kawu, naku ana sha?"

"A'a, gishiri ne."

"To mi zan je yi?"

Shi kaɗai ya koma Legas.

Jama'a, ku da kuka je tekun gaske, me kuka samo ban da ƙishirwa?