Daron Bayan Labule

Duk lokacin da ruwan farkon damina ya sauka a kan kwano, ƙasa ta ɗauki warin gishirin teku, sai in tuna ɗakin kakata a Zongon Kwatano. Ɗaki ne guda da ɗan baranda, a cikin gidan haya mai mutane da yawa. Kusan dukansu Musulmi ne, 'yan kasuwa daga Arewa. Mu Kiristoci masu jin Hausa ba mu fi gida bakwai ba a unguwar. Ba mu da majami'a, saboda haka ran Lahadi a ɗakin Kaka muke haɗuwa. Maƙwabciyarmu Hajiya ita ke ba mu aron tabarmi, tana cewa, "Ku sa mu a addu'a, amma ku kaɗe min su da kyau."

Kaka ba ta iya karatu ba, amma labarin masu bi na farko yana kanta. Takan ba mu shi musamman a ranar Fentikos, wadda ke faɗowa cikin ruwan nan. Ta ce suna ɗaki ɗaya cikin tsoro, kamar mu, sai Ruhu Mai Tsarki ya sauko da ƙarar iska, da harsuna kamar na wuta, kowane baƙo ya ji maganar Allah da yarensa. Mu yara wannan wurin muke so, don a kasuwar Dantokpa mun saba jin Fon da Yarbanci da Dendi a layi guda. Ita kuwa Kaka abin da ya biyo baya ya fi damunta. Ta ce bayan wutar, mutanen nan suka riƙa ci tare gida gida, har ba a samun mabukaci a cikinsu.

Daga nan ta samo al'adar daro. A kusurwar ɗaki akwai labule, bayansa babban daro a rufe da zane. Kafin a tashi, manya kan shiga ɗaya bayan ɗaya, mata hannu cikin gyale, maza cikin riga. Mai hali ya ajiye ƙullin gari ko shinkafa ko busasshen kifi. Marar hali ya ɗauka. Da shiga da fita duk hannu a ɓoye yake, ba a san wa ya sa, wa ya ɗiba ba. Doka ɗaya ce: ba a leƙe.

Akwai wata tsohuwa a cikinmu, muna ce mata Iya. Mijinta mai tura amalanke ne a kasuwa, ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika. Da can tana saro kifi a Plakoji, can bakin teku, har ƙafa ta hana ta. Ita ke ba da waƙa, kuma zanenta kullum a goge yake.

Ina 'yar shekara tara na leƙa. Akwai 'yar ɓula a labulen, daidai inda nake zaune. Na ga Iya ta durƙusa, ta zura hannu babu komai, ta fito da ƙulli ta cusa a gyale. A hankalina na yarinta na kama ɓarauniya. Tana fitowa na ɗaga murya, ina jiran yabo: "Kaka, Iya ba ta sa komai ba, ɗauka ta yi!"

Ruwa na ta dukan kwano. Iya ta koma bayan labule, muka ji ta ajiye ƙullin. Ta fito ta ce, "Yarinya ta faɗi gaskiya." Ta ɗauki takalmanta a hannu ta shiga ruwan.

Kaka ba ta doke ni ba. Da ma dukan ta yi. Cewa ta yi kawai, "Ni ma na taɓa ɗauka, shekarar da aka haife ki."

Iya ba ta sake zuwa ba. Kowace Lahadi Kaka kan zuba abinci a kwano ta ce, "Kai wa Iya. Kin san abin da za ki faɗa mata." Na sani. Nakan maimaita shi a hanya, ina kauce wa zemijan, wato 'yan acaɓa, da kwatami. In na isa, sai ta karɓa ta ce, "Sannu, jikata," ni kuma in ce "Kaka na gaishe ki," in juya a guje. Haka har ƙarshen damina. Wata Lahadi na tarar da kwaɗo a ƙofa. Aka ce 'yan'uwanta sun zo sun tafi da ita Nijar. Ban sake jin labarinta ba.

Na kusa arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ranar da na iya haɗa baƙi, labarin nan na masu bi na farko na fara nema a Littafi Mai Tsarki, na bi shi da yatsa. Kaka ba ta ƙara komai ba, ba ta rage ba.

Yanzu majami'armu tana unguwar Houéyiho, babba, da lasifika da fankoki. Na gode Allah da ita. Amma baiko, kyautar da ake bayarwa a sujada, a gaba ake kai shi, ana rawa layi layi, kowa na ganin kowa. Akwai mata biyu ko uku a kujerun baya da ba sa tashi, sai su sunkuyar da kai kamar suna addu'a. Na san ba addu'a ba ce kaɗai. Nawa baikon nakan miƙa shi kafin a fara sujada, in koma baya in zauna kusa da su. 'Yata ta taɓa raɗa min, "Mama, tashi mana, za a ce ba ki da shi."

Na ce mata, "Bari a ce."