Wasiƙar da na rasa wanda zan karanta wa

Shekarun baya, lokacin Jega tana cikin Jihar Sakkwato, na baro karatu a Rasha ban ƙarasa ba, saboda mahaifina ya rasu ya bar mahaifiyata ita kaɗai a Fagada. Aka ba ni koyar da kimiyya a wata sakandare a Maiyama.

A can Rasha, aikinmu a kan tokamak yake. Wata babbar tukunyar ƙarfe ce mai siffar gammo, ana zuba mata iskar gas, a so ta yi zafi ta koma abin da ake kira filasma, irin wutar da ke cikin rana. Kunna ta shi ne wahala, lantarki kaɗai yakan gaza. Ni da malamina muna gwada harba mata igiyar rediyo wadda saurinta ya yi daidai da juyin da ƙwayoyin lantarki ke yi a cikin maganaɗisu, don su ɗauki zafi su ta da sauran. Lissafin ni na yi, gwajin ne ban gani ba.

Wata Laraba wasiƙar malamina ta iso. Ya ce wutar ta kama da ƙarancin lantarki, kamar yadda na lissafa, kuma kujerata tana jirana in zan koma.

Na tsaya a bakin ofis ina murmushi kamar wani wawa. Mutum ɗaya ce za ta gane, wata malamar kimiyya Kirista 'yar Filato, ita kuma an yi mata canjin makaranta makon da ya wuce. Na nufi shugaban makaranta, kafin in buɗe baki ya ce, "Malam, ina sakamakon 'yan aji uku?"

Na hau babur sai Aliero, wurin kawuna. Na same shi yana shanya albasa. Na yi ta bayani har da zane a ƙasa. Ya saurara tsaf, sannan ya ce, "To wagga wuta, tana dahwa tuwo?"

"Tukuna, Kawu."

"Allah shi kai mu."

Da la'asar na isa Fagada. Inna tana dama fura a tsakar gida. Na fassara mata wasiƙar kalma bayan kalma. Na san ba ta gane komai ba, amma ta ce in sake.

"Sun ambaci sunanka?"

"Awo, Inna."

"To ka koma mana. Mi kaka jira? Ni lahiyata lau."

Tana faɗin haka tana lalube da hannu a kan tabarma, tana neman ludayi. Ludayin kuwa yana gabanta, dab da gwiwarta. Wata takwas da dawowata, sai ranar na gane idonta ya tafi, ta ɓoye mini.

Na miƙa mata. Washegari na rubuta wa malamina cewa ba zan zo ba.

Yau nakan gani a waya cewa manyan na'urori da wannan dabarar suke kunna wutarsu. Ban yi nadama ba. Inna kuwa na ce mata an ba wani kujerar. Har ta rasu, shekara goma sha ɗaya bayan nan, tana jin haushin Turawan da suka ƙi jiran ɗanta.